Ta Ɗari Biyu da Goma Sha Biyu

A Kamouraska, inda bakin kogi ke daskarewa wata huɗu,
akwai wani gidan gilashi da fitilunsa ba sa barci.
Lasisin gwamnati na rataye a bango.
A ƙarƙashinsa Ghislaine Thibodeau ke sanya safar hannu,
sannan ta cire, don roba tana yi wa hanci ƙarya.

Ba ta taɓa busa wiwi ba.
Ko sigari sau ɗaya ne, a bikin ƙanwarta, ta yi tari har da hawaye.
Aikinta murza kara tsakanin yatsu biyu,
ta kai hanci, ta lumshe ido,
ta yanke hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Ta goma sha huɗu, lemun tsami. A cire.
Ta talatin da ɗaya, daji bayan ruwan sama. A cire.
Ta sittin, ƙamshin alawar yara.
Loïc mai gidan ya ce wannan kasuwa ke so,
ta ce to, ta miƙa masa, ta juya baya.

Ita wari take nema.

Ubanta Aurèle cuku yake yi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa,
dunƙule-dunƙule a kan katakai,
kullum safiya ya juya su, ya shafe su da ruwan gishiri
kamar mai yi wa jinjiri wanka.
Warin ya shiga gashinta, ya shiga littattafanta,
a aji ba mai son zama kusa da ita.
Ta taɓa wanke rigar sanyinta sau uku a dare ɗaya,
tana kuka, tana tsine wa wanda ya fara tatsar saniya.
Yau ga ta, furfura ta gama da kai,
abin da ta guje wa shi take nema ruwa a jallo.

Shekara bakwai.
Ta ɗebi garin furen wannan ta kai wa waccan,
ta jira iri, ta shuka, ta sake jira,
'ya'ya su fito ba su ɗauko uwa ba, ba su ɗauko uba ba,
sai wata kaka da ba wanda ya taɓa gani.
Gado ba ya bin hanyar da aka share masa.

Wata safiya a Fabrairu, ƙanƙara ta toshe rabin ƙofa,
ta tsaya a kan ta ɗari biyu da goma sha biyu,
gajera, karkatacciya, ganyenta ba abin nunawa ba.
Ta murza.
Madarar da ta kwana uku. Jiƙaƙƙen katako.
Safar da aka manta cikin takalmin aiki.
Can a ƙasa kuma wani abu mai ɗumi,
wuyan rigar mutumin da ke goya ta ya hau matakala.

Maëlle, yarinyar da ke ban ruwa, ta toshe hanci:
"Wani abu ne ya mutu a nan?"
Ghislaine ta ce, "Ya daɗe."

Jami'in dubawa ya zo da sikeli da takardu,
ya auna, ya ƙirga, ya buga hatimi,
takardarsa ba ta da layin da zai ɗauki wannan.
Loïc ya ce a raɗa mata sunan da zai ja masu saye.
Ta ce lambar ta ishe ta.

Da yamma ta bi ta gidan yayanta Réjean,
wanda ya sayar da ɗakin cukun ga masu ajiye kwale-kwale.
Shekara goma sha ɗaya gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu ba.
Ba ta riƙo komai ba, doka ta hana ko ganye ɗaya ya fita,
rigar aikinta ce kawai a jikinta.

Ya buɗe ƙofa, ya buɗe baki zai tambayi abin da ya kawo ta,
sai ya ja numfashi.
Ya sake ja.
Sanyi na kwarara cikin gidan,
matarsa na kira daga kicin a rufo ƙofa,
shi kuwa ya riƙe ƙyaure, yana leƙen bayan ƙanwarsa,
yana neman wanda ya rako ta.